Mayafin Addu'ar Yahudawa: Ado Ya Yawaita, Amma Maganar Tana Kusurwa

Shekaru sittin ko saba'in da suka wuce, Bayahuden da ya shiga kanti a Buruklin ko a Birnin Ƙudus neman talit, wato mayafin da suke yafawa lokacin addu'ar safe, ba ya daɗewa a ciki. In danginsa daga gabashin Turai suka fito, farin ulu zai ɗauka mai baƙin ratsi a gefe biyu. In daga Maroko ne ko Iraƙi, galibi fari ne fat, ratsinsa ma fari, sai an matso kusa ake ganinsa cikin saƙar. A majami'un Amurka masu sassaucin ra'ayi kuwa, wani ɗan siriri ne na siliki mai shuɗin ratsi, a rataya shi a wuya ya sauko ta gaba. Abin da uba ya yafa, shi ɗa ke nema.

Yau lamarin ya sauya. Akwai na siliki da aka yi wa zanen rumman da kurciya da hannu, akwai saƙar hannu mai ruwan goro da kore da ja irin ta masaƙar Gabrieli a Isra'ila, akwai wanda yarinya 'yar shekara sha biyu ta ɗinka da kanta daga gyalen kakarta. Mai wannan rubutu yana maraba da wannan yalwa, kuma yana ganin masu kukan cewa an ɓata gado ba su da hujja mai ƙarfi. Damuwarsa daban ce: yawancin masu saye suna ƙare lokacinsu da kuɗinsu kan jikin yadin, alhali abin da ya mayar da yadin talit yana rataye ne a kusurwoyinsa huɗu.

Umarnin da ke cikin Attaura, a Littafin Ƙidaya sura ta 15 da Maimaitawar Shari'a sura ta 22, bai ce a saƙa wani mayafi na musamman ba. Abin da ya ce shi ne a sa tuntaye a kusurwoyin tufa, domin mai tufar ya riƙa ganinsu yana tuna dokokin Ubangiji. A zamanin da, tufar yau da kullum ita kanta mai kusurwa huɗu ce. Da sutura ta sauya aka koma riga da wando, sai aka tanadi mayafi na daban don kada umarnin ya rasa inda zai zauna. Shi ya sa launi da ratsi da ƙyalƙyalin azurfar da wasu ke sawa a wuya, wanda suke kira atara, duk al'ada ce ta gari da dangi. Dokoki kan yadin 'yan kaɗan ne: ya kasance mai kusurwa huɗu, ya kai girman da za a kira shi tufa, kuma kada a gauraya ulu da lilin a cikinsa. Yusuf Karo, wanda aka buga littafinsa na hukunce-hukunce Shulhan Aruk a Benis a 1565, ya fifita ulu. Malaman Turai da suka yi masa sharhi sun yarda da sauran yadi.

Tuntun, wanda suke kira tsitsit, shi ne ba a wasa da shi. Zare huɗu ake zurawa ta wani ɗan rami a kusurwa, a ninka su su zama takwas, ɗaya ya fi sauran tsawo domin shi ke kewaye 'yan'uwansa. Mai ɗaurin zai yi ƙulli mai ninki biyu, ya naɗa dogon zaren sau bakwai, ya sake ƙulli, ya naɗa takwas, sannan sha ɗaya, sannan sha uku, da ƙulli a tsakaninsu, ya rufe da ƙulli na biyar. Wannan tsarin Yahudawan Turai ke nan. Wasu daga cikin na ƙasashen Larabawa da Andalus suna naɗa goma, biyar, shida, biyar. Kuma dole ne tun daga kaɗin zaren a yi shi da niyyar wannan ibada, mai ɗaurin ma ya zama Bayahude da ya ƙudurta niyyar, har yakan furta ta da baki kafin ya zura zaren farko. Zaren da aka kaɗa don ɗinkin labule ba ya shiga nan komai kyansa.

A nan ne kasuwar intanet ta kawo matsala ta gaske. Ana sayar da mayafai masu arha da aka fitar daga masana'anta, tuntayensu ɗaurin da babu wanda ya san wanda ya yi, wasu ma an yi su ne domin Kiristoci masu sha'awar al'adun Yahudawa, har da ayoyin Sabon Alkawari a kusurwa. Kiristan da ya saya domin kansa ya san abin da yake so, babu laifi. Amma iyayen da suka ga hoto mai kyau suka saya wa ɗansu domin bikin balagarsa na shekara sha uku, sun sayi doki ne don kyan sirdi. Masu kantunan da suka san sana'arsu sukan fara da tambayar wane ɗauri mai saye yake so, kafin a zo maganar launi.

Ita kanta yalwar launin tana da tarihi, ba daga sama ta faɗo ba. Zalman Schachter-Shalomi, malamin da aka haifa a Folan a 1924 ya kuma rasu a Amurka a 2014, ya tsara mayafi mai ratsin launukan bakan gizo, yana danganta su da kwanakin halitta, kuma har gobe ana saƙa irinsa. A 1973 wasu matasa a Amurka suka fitar da The Jewish Catalog, littafin da ya ƙarfafa wa mutane gwiwa su yi kayan ibadarsu da hannunsu maimakon su saya. Sai kuma mata. Shekara guda kafin wannan littafi, a 1972, aka naɗa Sally Priesand, mace ta farko da ta zama rabbi, wato malamar addinin Yahudawa, a Amurka, kuma matan da suka fara jagorantar addu'a ba su ga dalilin ɗaukar baƙi da farin kakanninsu maza ba. Akwai ma dalili na shari'a: Attaura ta hana mace sa tufar namiji, don haka mayafin da kowa ya gani zai san na mace ne ya fi sauƙin karewa a gaban malamai. Wato launin da wasu ke kallo a matsayin fanɗarewa, wani lokaci ƙoƙarin bin doka ne.

Ba kowa ya karɓa ba. Malaman gargajiya sun daɗe da cewa wannan umarni bai hau kan mata ba, wasunsu na ganin macen da ta yafa tana nuna isa. A Katangar Yamma, wurin addu'ar Yahudawa da ke Birnin Ƙudus, maganar ta kai ga 'yan sanda. Ƙungiyar Matan Katanga, wadda ta soma a Disamban 1988, ta yi shekaru tana zuwa addu'ar farkon wata da mayafanta. A Oktoban 2012 aka kama shugabarta Anat Hoffman a wurin, aka kwana da ita a tsare. A Afrilun 2013 alƙali Moshe Sobel na kotun gundumar birnin ya yanke cewa abin da matan ke yi bai saɓa wa al'adar wurin ba. Macen da ta yarda ta shiga motar 'yan sanda saboda mayafi, ba ado ya kai ta ba, kuma ya kamata masu sukar su amsa wannan.

Sauyin da ya fi kowanne nauyi, duk da haka, ya fi kowanne ƙanƙanta a ido. Ayar Littafin Ƙidaya ta ce a sa shuɗin zare ɗaya a cikin tuntun, sunansa tekelet. Talmud, tsohon kundin shari'ar Yahudawa, ta bayyana cewa daga wata halittar teku ake samun rininsa. Sana'ar ta yi tsada, sarakunan Rum suka riƙa takura ta domin irin wannan rini na gidan sarauta ne, kuma wajen ƙarni na bakwai ko na takwas ta ɓace gaba ɗaya. Fiye da shekara dubu Yahudawa suna ɗaura farin zare zalla. Wasu na cewa ratsin baƙi ko shuɗi da ke jikin mayafin tunawa ne da zaren da aka rasa, kuma daga wannan ratsi David Wolffsohn, ɗaya daga masu fafutikar kafa ƙasar Yahudawa, ya ce ya ɗauko tsarin tutar da aka kafa a taronsu na Basel na 1897, wadda ta zama tutar Isra'ila a 1948.

A ƙarshen shekarun 1880 wani shugaban ɗariƙar Hasidawa ta Yahudawa na garin Radzin a Folan, Gershon Henok Leiner, ya tashi takanas ya tafi gidan adana halittun ruwa na Nafoli a Italiya. Ya tsayar da ransa kan wata dabbar teku mai fesa baƙar tawada, ya haɗa rini da ita, almajiransa suka shiga ɗaura shuɗin zare. Daga baya Isaac Herzog, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku kan wannan batu a Jami'ar Landan a 1913, ya aika zaren Leiner ga masana sinadarai. Sakamakon ya nuna cewa shuɗin daga ƙarfe da sauran abubuwan da ake zubawa yake fitowa, ba daga dabbar ba. Herzog, wanda ya zama babban malamin Isra'ila kuma kakan shugaban ƙasar mai sunansa, ya karkata ga wani dodon-koɗin Bahar Rum da masana ke kira Murex trunculus, domin an tono tsibin kwansonsa a tsoffin marinan gaɓar Labanon. Abin da ya tsayar da shi, rinin dodon yana fitowa ne ruwan malmo, ba shuɗi ba.

Amsar ta zo a farkon shekarun 1980, a kwalejin Shenkar ta ilimin saƙa. Otto Elsner ya lura cewa in aka bar ruwan rinin a rana kafin a tsoma ulu, launin kan juya ya koma shuɗin sararin sama. Hasken rana ne ke cire wani sinadari daga rinin, abin da ya rage kuma daidai yake da shunin da ake samu daga ganyen baba. Marinin Ƙofar Mata a Kano zai gane aikin da kallo ɗaya: ulu yana fitowa daga tukunya kore-kore mai ɗan rawaya, iska tana bugunsa yana rikiɗa a hannu har ya zama shuɗi. Wannan ya warware wani tsohon zance. Talmud ta yi kashedi mai zafi ga wanda zai rina zare da baba ya sayar da sunan tekelet, tana cewa ido ba ya iya bambanta su. Ashe abu ɗaya ne, asalinsu ne ya bambanta. A farkon shekarun 1990 aka kafa ƙungiyar Ptil Tekhelet, wadda ke fasa kwanson dodon, ta ciro 'yar jakar da rinin ke ciki, ta rina zare domin sayarwa. Dodanni gommai ke tafiya a zaren mayafi ɗaya, shi ya sa farashinsa ya ninka na farin zare sau da yawa.

Masu ƙin sa suna da maganar da ba za a raina ba. Sun ce ibada daga hannu zuwa hannu ake karɓarta, in sarƙar ta tsinke, ɗakin gwaje-gwaje ba zai ƙulla ta ba. Yawancin Yahudawa masu tsananin riƙo da gargajiya har yanzu fari suke ɗaurawa. Amma manyan malamai irin su Hershel Schachter na Jami'ar Yeshiva a New York sun sa shuɗin, kuma a ganin mai wannan rubutu hujjarsu ta fi rinjaye: tsoffin marina, da kwanson da aka tono, da kamannin rinin da baba, duk sun taru wuri ɗaya, sannan in ma an yi kuskure, malamai da yawa sun ce shuɗin zare ba ya ɓata tuntun. Abin takaici ne a ce mutum ya biya kuɗi masu yawa kan zanen siliki bai taɓa jin labarin nan ba.

Wanda ya zaɓi shuɗin kuwa sai ya tarar da wani saɓanin yana jiransa, domin malaman da suka yi bayanin yadda ake ɗaura shi ba su taɓa ganinsa ba. Musa ɗan Maimun ya ce zare ɗaya cikin takwas ne zai zama shuɗi. Ra'abad na kudancin Faransa ya ce biyu. Mabiya Rashi suka ce huɗu. Kowane ra'ayi da tsarin naɗinsa, kuma Ptil Tekhelet tana sayar da dukansu ukun a leda daban-daban, don haka kantuna da yawa sukan tambayi mai saye ko ya yi magana da malaminsa kafin su zura zaren farko a kusurwa.