Littafin Bunyan Na Tafiyar Mai Bi

John Bunyan mutumin Ingila ne, sana'arsa gyaran tukwanen ƙarfe. Cikin shekarar 1660 aka ɗaure shi a garin Bedford saboda yin wa'azi ba da izni ba. Da ya yi alkawarin bari, da an sake shi, amma ya ƙi, ya shekara 12 a kurkuku. Cikin 1678 aka buga littafinsa, Pilgrim's Progress, watau labarin wani Kirista da ya bar garinsu ya nufi Birnin Sama.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, tun tafiya ba ta yi nisa ba kayan zunubin da ya goyo suka faɗi a gindin gicciye. Wani mawallafi nan zai ajiye alƙalami. Bunyan kuwa nan ya shiga ɗora masa wahala. A wata kasuwa aka ƙone abokin tafiyarsa. Ya ratse hanya don neman sauƙi, wani ƙato ya kulle shi har ya yi tunanin kashe kansa, alhali kuwa mabuɗi na ƙirjinsa, ya manta. Ko a kogin mutuwa, ga birni yana hange, sai da ya soma nutsewa, wani abokin ya tallafe masa kai. Mu Musulmi, da kullum muke roƙon cikawa da imani, mun san irin wannan tsoro.

Amma muhawara ta yi yawa, mai karatu yakan ƙosa. Kuma ban ji daɗin yadda mutumin ya toshe kunne ya gudu ya bar mata da 'ya'ya suna kiransa ba. Sai cikin kashi na biyu, na 1684, Bunyan ya sa suka bi sawunsa.