Lakwaja a Rubutaccen Tarihi: Gyara da Ƙarin Bayani

Yawancin abin da ake rubutawa game da Lakwaja ba ya wuce tarihin Turawan da suka zauna a cikinta. Akan fara da Baikie, wanda ya kafa zango a wurin wajen 1860, a ƙare da Gwamna Lugga, wanda ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairu, 1900. Wannan tsari yana da rauni ta fuska uku.

Na farko, da'awar nan cewa Lakwaja ce babban birnin Nijeriya na farko tana bukatar gyara. Mulkin Jihar Arewa aka ƙaddamar a can, kuma hedkwatar ba ta daɗe ba ta koma Jabba, sannan Zungeru a 1902, sannan Kaduna a 1917. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, Ikko ce ta zama babban birni. Haka kuma labarin da ake yayatawa cewa a kan Dutsen Patti Flora Shaw ta raɗa wa ƙasar suna ba shi da madogara, domin a jaridar Times ta Landan ta kawo sunan a 1897, shekara biyar kafin ta auri Lugga.

Na biyu, ba a ba yanayin ƙasa haƙƙinsa. Mahaɗar Kwara da Binuwai ita ta jawo Turawa, kuma tun kafin zuwansu Nufawa da Kakanda da Igala suna fatauci a kan ruwan nan. Shi kansa Baikie sai da yardar Etsu Masaba ya zauna.

Na uku, wanda ya fi shafar manazarcin Hausa, shi ne mantawa da Lakwaja a matsayin garin sarakunan da aka tuɓe. A can Sarkin Kano Alu ya rasu a 1926. A can kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, mashahurin marubucin waƙoƙi, ya ƙare kwanansa a 1924. Garin da Bature ya kira mafarin mulki, a wurin waɗannan bayin Allah ƙarshen mulki ne.

Saboda haka, tarihin Lakwaja ba zai cika ba sai an nemi bakin masu kwalekwale da zuriyar waɗanda suka bi sarakunan nan gudun hijira, an gwama da takardun Turawa.