Wace gitar ce ta iya Hausa?

A hutun da ya wuce, fadarmu ta Tasawa ta kwana uku tana gardama kan gitar, har shayi yakan huce ba a zuba ba. Ƴan wasanmu su biyar sun tara jika 260 cikin shekara ɗaya da rabi, daga kuɗin kiɗan biki da ƙwadagon gona da kabu-kabu, suna son su sayi gitar lantarki tasu ta kansu su huta da haya. Wani ya ce Fender ko a fasa. Wani ya ce ai Gibson ita ce uwa. Na buɗe baki, mai ganga ya ce mini: "Kai hwa ɗan lakkwal, mi ka sani ga kiɗi? Tahi ka ƙirga wasullanka." Shi ya sa na kawo maganar a takarda, inda ba mai katse ni.

Abin ba na dariya ba ne. Shekara biyu ke nan wani ɗan uwana daga wajen Kanembakashe, cikin Mayahi, ya saida buhunan wakensa da rago ɗaya, ya ba mai zuwa Kano saƙo. Aka kawo mishi gitar ja mai ruwan zuma, an rubuta Gibson a goshinta da ƙyalli, jika 120. Ya yi wata biyu yana kwana da ita. Da hunturu ya kama, wuyanta ya lanƙwashe, tsarkiya ta yi nisa da itace har yatsa na ciwo, ɗayan mikro ya mutu. Da na duba ɗan marfin da ke goshinta sai na ga kusa uku ke riƙe da shi. Na Gibson ta gaskiya biyu ne. Ta gaskiyar a Nashville ake ƙera ta, a Amurka, kuma mafi arahar Les Paul sabuwa tana neman miliyon guda na sefa tun a Turai, ba a yi zancen jirgi da duwan ba. Duk wanda ya ce zai ba ka ita jika 120, to rariya ya saida maka, kar ka yi mamaki in ta zubar da ruwa.

(Wani ɗan gefe, don hali ba ya ɓoyuwa: mu nan muna cewa gitar, daga bakin Faransa muka karɓo, ƙetare iyaka, Katsina da Kano, jita suke cewa, daga bakin Ingilishi. Abu ɗaya, ƙofa biyu. Abzinawa kuwa sun wuce mu, don su sunan kayan ne ya zama sunan kiɗan gaba ɗaya.)

Kafin a ce wannan ta fi waccan, sai a faɗi da wane mudu ake awo. Masu rubutu kan gitar a Turai da Amurka suna auna ta da kiɗan da suka tashi da shi, rok da buluz da jaz. Mu kunnenmu wani ne ya rene shi. Bahaushe in ya yaba kalangu cewa yake yi yana magana, kuma da gaske yake, don harshenmu da karin sauti yake tafiya: hawa, sauka, faɗuwa, ga dogon wasali ga gajere. Garin da muke zaune ciki da garin da ake tuwo da shi, a takarda rubutunsu ɗaya, baki ne ke raba su. Kayan tsarkiyarmu kuma, gurmi da molo da garaya da kuntigi, duk halinsu guda: ka taɓa, amo ya fito tsaf, ya mutu da wuri ya ba na bayansa wuri, kamar gaɓoɓin kalma. To mudun da nake awo da shi ke nan. Gitar da za ta yi aiki a bikin Tasawa sai ta iya raba gaɓa da gaɓa, a ji ta sarai bisa ganga da kalangu da guɗar mata.

Da wannan mudu, Stratocaster ta gidan Fender ta yi gaba, kuma akwai dalili. Tun fitowarta a 1954 mikro uku gare ta, kowane naɗin waya guda kewaye da maganaɗisu. Irin wannan mikro yana kama sirarin amo, mai kaifi, shi ya sa in ka ja tsarkiya da farce sai ka ji "tas" kafin ka ji "tiin". Tsawon tsarkiyarta milimita 648 ne, ta Les Paul kuwa wajen 628. Bambancin bai fi faɗin yatsa ba, amma yana sa ta Fender ta fi ɗamewa, amonta ya fi bushewa. Saurari Mdou Moctar a faifan Afrique Victime na 2021, inda babban yatsa ke riƙe da tsarkiya mai kauri tana gunaguni, manuni kuma na tsalle bisa sirara: duk gudun nan, kowane taku ana jinsa daban. Wannan salon taɓi daga molon Abzinawa ya fito, wanda suke kira tahardant, ɗan uwan namu molon, don haka ba abin mamaki ba ne da ya dace da kunnenmu.

Les Paul, wadda Gibson ta fitar a 1952, wata dabba ce daban. Jikinta itacen mahogani ne mai nauyi, kilo huɗu ko fiye, wuyanta da gam aka haɗa shi da jiki, kuma tun 1957 take ɗauke da mikro mai naɗi biyu. Amonta mai kauri ne, yana daɗewa bai mutu ba. In Fender gurmi ce, wannan ta fi kusa da goge. Ba zan zage ta ba. Da dare, waƙar bege a hankali, mikron wuya a buɗe, tana da wani zaƙi da Fender ba ta taɓa kaiwa. Amma ka sa ta cikin kiɗa mai gudu, ta ratsa ƙaramin ampili da aka ƙure, sai gaɓoɓin su narke cikin juna, kamar mai magana da tuwo a baki.

Sai dai kaifin Fender da kuɗinsa yake zuwa. Mikro mai naɗi ɗaya yana kwaso ƙugin kuran, kuma duk wanda ya taɓa kiɗa a ƙauye da gurup, ba wayar da aka kafa cikin ƙasa, ya san wannan "zuuu" mai kama da amya. Mikro mai naɗi biyu don kashe ƙugin nan aka ƙirƙiro shi: naɗin biyu suna adawa da juna, ƙugin ya cinye kansa, ya tafi da ɗan kaifin amo. A yawancin Stratocaster na yanzu, in ka sa makunnin a mataki na biyu ko na huɗu, mikro biyu na haɗuwa ƙugin ya lafa. Ƴan wasanmu sun shekara suna haya ba wanda ya gaya musu wannan.

Akwai kuma alƙalin da ba ya karɓar cin hanci, wato hunturu. Masu ƙera gitar suna son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55. Mu nan daga Disamba zuwa Maris takan faɗi ƙasa da 20, sannan damina ta zo ta kumbura abin da rani ya tsuke. Itace na motsi, bakin ƙarafan wuya ya fito ya riƙa yankar hannu, ƙura ta shiga makunnan ƙara su riƙa ƙaiƙayi. Kowace gitar za ta sha wannan, har ta miliyon. Tambayar ita ce, in ta lalace wa zai gyara? Leo Fender mai gyaran rediyo ne kafin ya zama mai ƙera gitar, kuma hankalin mai gyara ya sa a aikinsa: wuya kusa huɗu ke riƙe da shi, ka kwance ka sa ɗan takarda ka daidaita ka mayar, mikro da wayoyi duk suna maƙale a faranti guda, wanda duk mai gyaran rediyo a kasuwar Tasawa zai iya buɗewa ya yi musu dalma. Ita kuwa Gibson goshinta a karkace yake ta baya, itacen wurin siriri ne, kuma sananne ne ko a ƙasashensu cewa faɗuwa ɗaya na iya karya shi. Yanzu ka tuna yadda kayan kiɗa ke tafiya biki a ƙauyukan Mayahi, a bayan babur cikin rairayi, ko a saman mota tsakanin buhu da akuya.

Duk wannan magana ce ta manya, jika 260 ba ta kai ko ƙofar gidansu ba. Yuro ɗaya sefa 656 ne, Fender ƙirar Amurka kuwa ta haura Yuro 1,000 nesa. Inda gardamarmu ya kamata ta tsaya shi ne wajen ƙannensu.

Squier ƙanwar Fender ce ta halak, tun 1982, ana ƙera ta yanzu a Sin da Indunusiya. Siffa ɗaya, hali ɗaya, kuma kayan gyaranta sun fi na kowa sauƙin samu. Aibinta shi ne ba ta da tabbas a ƙananan matakai. Na riƙe guda biyu masu suna ɗaya a Yamai, ɗaya kamar man shanu, ɗaya kunnuwanta na sakin tsarkiya kafin a gama waƙa. Ba gitar da ake saye ta saƙo ba ce, sai ka taɓa da hannunka. Epiphone haka take ga Gibson, wadda ta saye ta a 1957. Mai son amon Les Paul ya sayi Epiphone da sunanta na gaskiya ya fi mishi mutunci bisa jabu mai sunan aro, amma ya sani nauyin da raunin goshin duk ta gado su.

Ibanez, musamman jerin RG, kyakkyawa ce, wuyanta siriri, an yi ta don masu gudun yatsa. Ban ba fadarmu shawararta ba saboda abu ɗaya: da yawansu gadar tsarkiyarsu a rataye take bisa sifirin, an kulle ta da ƙananan kusoshi. Tsarkiya ɗaya ta tsinke tsakiyar biki, sauran biyar duk sun kauce. Mu kuma makaɗanmu sukan ja ko su sassauta babbar tsarkiya don ta dace da muryar mawaƙi, abin da irin wannan gada ba ta yarda da shi cikin sauri. Cort ta Koriya ana raina ta don sunan bai yi amo ba, alhali masana'antarta ta Indunusiya ta daɗe tana ƙera wa manyan sunaye gitocinsu masu araha. Sau da yawa hannu ɗaya ne, tambari ne ya bambanta, kuma tambarin kake biya.

Tawa ita ce Yamaha Pacifica 112, kuma na san za a yi mini dariya, don a nan in an ce Yamaha babur ake tunowa. A Turai tana wajen Yuro 300, kusan jika 200. Mikro biyu masu naɗi ɗaya, ɗaya mai naɗi biyu a wajen gada, wato in gurup ya fara ƙugi kana da mafaka. Wuyanta na kusa ne kamar na Fender. Babban abin yabonta shi ne ka ɗauki goma ka samu goman kusan ɗaya, don haka ita kaɗai zan yarda a sayo ta saƙo. Laifinta? Ba ta da rigima. Amonta tsaf yake amma ba ya cizo kamar na Squier mai kyau, sai hannunka ya ƙara mata yaji. Ga mai koyo da mai kiɗan biki, ni wannan bai dame ni ba.

Abin da ya fi damuna a fadarmu shi ne yadda aka maida suna kamar laya. An ga Mdou Moctar da farar Fender ta bahago, an ɗauka amon cikin fenti yake. An manta gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, ya bazu daga salula zuwa salula kafin wani Bature ya san da shi. An kuma manta cewa mu ƴan jihar Maraɗi ba sai mun ari rawanin Agadas ba. Marigayi Sa'adu Bori ya ɗora kiɗan bori bisa kayan zamani, har faifansu da Moussa Poussy, Niamey Twice, ya fita waje a 1994. Marigayi Mamman Barka da gurmi mai tsarkiya biyu ya fara cika fili. Har yau ban ji ɗan Tasawa da ya zauna ya kwashe taken garaya ya maida shi bisa tsarkiya shida yadda Abzinawa suka yi da molonsu ba, kuma wannan aikin ba ya jiran Fender.

Lissafin da na ba su ga shi. Kar gitar ta ci fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin. In sabuwar Pacifica ta fi ƙarfin haka bayan duwan, a nemi ta hannu a Yamai ko Kano, ko Squier da ɗayansu ya taɓa ya yarda da ita. Sauran kuɗin a sa a ƙaramin ampili mai aiki da batir, irin su Roland Cube, don gitar miliyon ma in ta bi ta fasasshen bafil kukan jaki za ta yi. A sayi tsarkiya fakiti biyar tun can, don a nan in ta tsinke sai an aika Maraɗi. A ɗinka mata riga mai soso. In hunturu ya shigo a shafa wa allon wuyan ɗan mai in baƙin itace ne marar fenti, kuma kar a bar ta cikin mota da rana.

Mai ganga ya saurara har ƙarshe, ya ce: "To malam, mun ji. Amma in mun hau dandali da Yamaha, ƴan mata za su ce ƴan kabu-kabu ne sunka zo." Har na dawo makaranta ba su yanke ba, kuɗin na wurin uwar ɗayansu cikin kwalla. Jabun Gibson ɗin ɗan uwana kuwa tana rataye a ɗakinsa a Kanembakashe. Mun cire mata kunnuwa biyu da suka rage da lafiya mun sa wa gitar haya.