Bikin Fina-finai na Yerevan da Lambobin Yabonsa

Bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa da ake kira Golden Apricot ana yin sa ne duk shekara a Yerevan, babban birnin Armeniya, galibi a watan Yuli. An fara shi a 2004, kuma mutum uku ne suka assasa shi: darakta Harutyun Khachatryan da masu sharhin fim Susanna Harutyunyan da Mikayel Stamboltsyan. Sunan ya samo asali daga aprikot, wani ɗan itace mai launin ruwan goro da Armeniyawa ke tinƙaho da shi. A lokacin nunarsa ake bikin, kuma bisa al'ada ana buɗe shi da sanya wa kwandunan aprikot albarka a coci. Da itacensa ma ake sassaƙa duduk, abin busar gargajiya na ƙasar.

Ba za a fahimci dalilin kafa bikin ba sai an duba halin da sana'ar fim ta shiga a ƙasar. Gwamnatin Sobiyet ta kafa kamfanin fim na Armeniya a 1923, wanda daga baya aka san shi da Armenfilm. Hamo Beknazaryan ya shirya Namus a 1925, sannan Pepo a 1935, fim ɗin Armeniya na farko mai sauti. Shekara da shekaru hukuma ce ke ba da kuɗi, ita ke tacewa, ita ke rarrabawa. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, wannan rumfa ta rufta. Ga ɓarnar girgizar ƙasa ta 1988, ga yaƙin Nagorno-Karabakh, ga matsanancin rashin lantarki. Gidajen silima da dama suka rufe, masu sana'ar suka watse. Bikin ya zo ne a matsayin yunƙurin farfaɗo da abin da ya durƙushe.

Babbar lambar gasar ita ce Aprikot na Zinariya, sai ta Azurfa da ke bi mata. Wanda ya fara lashe ta zinariya a 2004 shi ne Atom Egoyan da fim ɗinsa Ararat, wanda ya taɓo kisan ƙare dangi da aka yi wa Armeniyawa a daular Usmaniyya daga 1915, sunan da Turkiyya ke ƙin amincewa da shi har yau. Egoyan haifaffen Alkahira ne, a Kanada ya tashi, kuma daga baya ya shugabanci bikin na tsawon shekaru. Wannan ya nuna inda aka dosa tun farko. Mazauna Armeniya kimanin miliyan uku ne, amma 'yan asalinta da ke Rasha da Faransa da Amurka da Lebanon da sauran ƙasashe sun fi haka yawa. Shi ya sa aka ware sashe na musamman don fina-finan Armeniyawa, na gida da na ƙetare, inda ɗan Marseille kamar Robert Guédiguian yake da gurbi daidai da ɗan Yerevan.

Lambar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta karrama gwanayen da suka daɗe a sana'ar, wadda aka laƙaba wa sunan Sergei Parajanov. An haife shi a Tbilisi a 1924, ya rasu a Yerevan a 1990. Fim ɗinsa na 1969 kan mawaƙi Sayat-Nova ya kauce wa ba da labari kai tsaye, ya jera hotuna masu kama da zanen tsoffin littattafan coci, abin da bai yi wa hukuma daɗi ba. An kama shi a 1973, ya yi shekara huɗu a tsare. A kurkuku yakan ɗauki murfin gorar madara na alminiyam ya zana fuskoki a kai da farce, ya mai da shi tamkar tsabar kuɗi. Siffar waɗannan tsabobi aka ɗauka aka ƙera lambar. Wato abin da fursuna ya yi don ya kashe lokaci shi ake miƙa wa manyan baƙi yanzu.

Taken bikin ya kira Armeniya mahaɗar al'adu, kuma a nan ne ya yi aikin da siyasa ta gagara yi. Iyakar ƙasar da Turkiyya a rufe take tun 1993, amma a 2008 bikin ya haɗa hannu da ƙungiyar Anadolu Kültür ta Istanbul, suka kafa dandalin da ke haɗa masu fim na ƙasashen biyu su yi aiki tare. Fina-finan Iran da Jojiya ma suna samun wuri sosai.

Sai dai biki na mako guda ba ya maye gurbin masana'anta. Kasuwar cikin gida ƙarama ce, tallafin gwamnati ba ya wadatarwa, kuma yawancin fina-finan da ke tashe sai an haɗa jari da kamfanonin Turai. Haka aka yi fim ɗin Nora Martirosyan na 2020 kan filin jirgin saman Stepanakert a Nagorno-Karabakh, wanda kuɗin Faransa da Beljiyam suka shiga cikinsa kafin Armeniya ta tura shi neman lambar Oscar.