Duba ce, ko da an kira ta istihara

Wani yayi ya shigo Turai da Amurka na fassara katin duba da ake kira tarot da koyarwar addinin Buddha. Katin guda 78 ne, kuma asalinsa karta ce da masu hali na arewacin Italiya suke wasa da ita a ƙarni na 15. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya ce sirrin Misirawan da ne a ɓoye a ciki, ba tare da ya kawo hujja ba, 'yan duba kuwa suka yi caraf suka ɗauka. A 2004 Robert Place ya fitar da nasa katin, ya jera shi bisa tarihin rayuwar Buddha. Masu wannan salo kan ce su ba gobe suke faɗi ba. Idan katin mutuwa ya fito, wai tunatarwa ce cewa komai mai wucewa ne, mutum ya binciki kwaɗayin zuciyarsa. Abin mamaki, tsofaffin littattafan addinin Buddha sun sa duba cikin ƙasƙantattun sana'o'in da bai dace mai zuhudu ya ci abinci da su ba.

Mu ma a Gusau muna da irin wannan, sai dai namu ya fi muni. Bugun ƙasa tsohon abu ne. Malam zai shimfiɗa rairayi, ya yi ɗige-ɗige layi-layi, ya soke su bibbiyu, abin da ya rage ko ɗaya ko biyu shi yake tarawa har siffa ta fito daga cikin siffofi goma sha shida. Larabawa suna ce masa ilmur ramli. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soki masu da'awar sanin gaibu ta wannan hanya tun kafin jihadi. A ganina, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a garin nan ranar 27 ga Oktoba, 1999, kalmar duba ta zama abin kunya, sai aka kau da rairayi aka ɗauko carbi. Yau a Sabon Gari da wuya ka ji mace ta ce za ta wurin mai duba. Cewa za ta yi, “Malam zai yi min istihara.” Ta tura sunanta da na mahaifiyarta ta WhatsApp, ta tura sadaka, gobe a ce mata kishiya ce ko ƙanwar miji ta yi mata asiri.

Istiharar da Bukhari ya ruwaito daga Jabir raka'a biyu ce da addu'a, mai buƙata ke yi da kansa, yana neman zaɓin Allah a kan abin da ya yi niyya. Babu sunan uwa a ciki, babu wani mai zuwa da labarin wanda ya cuce ka. Turawan can sun bar faɗin gaibu sun koma wa'azi da katinsu. Namu sun riƙe faɗin gaibun, suna kawai suka sauya masa.

Ba na zargin masu zuwa. Uwar da aka ɗauke ɗanta a hanyar Tsafe, ko magidancin da aka kore masa shanu a ƙauyukan Bunguɗu, so yake wani ya saurare shi ya ce masa wani abu. Wanda ya karɓi kuɗin mutumin da ke haɗa kuɗin fansa, ya ce masa ya gani yaron na gabas, shi ne abin tuhuma.

Limaman Juma'a, a ware huɗuba guda a koya wa jama'a addu'ar istihara da yadda ake yin ta, a kuma kai karatun makarantun Islamiyya na matan aure, don su aka fi cuta.