Gwanin kwanan daji da karnuka

Ƙasar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Gagarawa har Maigatari, inda kan iyakar Nijar take, sai yashi da sabara da kalgo, ba dutsen da za a jingina da shi. Shi ya sa idan kaka ta wuce, an kwashe gero da wake, hunturu ya kankama, mafarauta kan haɗa kuɗin mai su ɗauki shatar akori-kura, mutane da karnuka a baya, su nufi kudu wajen duwatsun Gwaram ko ƙasar Ningi. Wasu ba sa nisa, dajin Sule Tankarkar ya ishe su. A tafi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a dawo Lahadi.

Jama'a sun fi yaba wanda ya dawo da gada a kafaɗa. Ni wanda yake burge ni shi ne dattijon da yake cewa direba, “Tsaya nan,” tun rana ba ta faɗi ba.

Kafin ya ce a sauke kaya ya riga ya karanta wurin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, sai ya sa a gicciya motar ta tare ta, a hura wuta a ɗaya ɓangaren. Ba ya sauka cikin kwari, don sanyin asuba can yake taruwa, ga sauro idan akwai fadama kusa. Gawo yana da ganye da rani, inuwarsa tana ruɗin baƙo, amma shanu sun wuni a ƙarƙashinsa sun bar kaska, kuma kaska kare take jira. Kogon kuka gidan zuma ne ko na maciji. Tsamiya kuwa, ko wanda ya ce bai yarda da iskoki ba, da wuya ka ga ya shimfiɗa buhunsa a gindinta. Sai a share fili fes, a kawar da duwatsu da busassun itace da sanda, saboda kunama da kububuwa.

Karnuka ne suke fara shan ruwa. Jarkokin da aka ciko daga gida an yi lissafinsu da bakin kowane kare, domin karen da ya sha ruwan kududdufi zai iya kwana yana zawo, gobe ba gudu. Daga nan mai kare ya zauna ya ɗaga ƙafafun karen ɗaya bayan ɗaya, yana cire ƙarangiya da tsidau daga tsakanin yatsu, yana duba kunne. Da daddare ake ba su tuwo su ƙoshi; da safe ɗan kaɗan, don mai cikakken ciki ba ya bin zomo. Ba a ɗaure su wuri guda. Akan rarraba su kewaye da zango, waɗanda ba sa ga maciji da juna a nesanta su, ƙwikwiyon da ya fito karon farko a ajiye shi kusa da tsohuwar karya.

Sauran aikin na kunne ne. Haushin da kare yake wa dila daban, wanda yake wa mutum daban, gurnanin da yake yi ƙasa-ƙasa idan abu mai jan ciki ya matso shi ma daban. Gwani yana kwance ido rufe zai ce, “Ku kwanta, makiyayi ne,” kuma can sai a ji kukan saniya. Wannan sabo na shekaru ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Addini ma ya san horarren kare: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da ya kamo idan an ambaci sunan Allah, kuma malamai sun ce horarre shi ne wanda idan aka sake shi ya tafi, idan aka tsawata masa ya tsaya.

Akwai kuma sanin iyaka. Ba a sauka a dajin wani gari sai an gaida mai gari ko Sarkin Baka, musamman yanzu da ganin baƙi da bindiga cikin dare yake tayar da hankali. Dajin Baturiya a ƙasar Haɗeja da na Falgore a Kano gandun gwamnati ne, mai hankali ba ya sakin kare a ciki. Allurar ciwon haukan kare kuwa a asibitin dabbobi ake yin ta, kafin a fita.

Ranar tashi, da yashi ake binne wuta, dattijon ya sa tafin hannu ya ji ta mutu. Busasshiyar ciyawar daji ita ce abincin garkunan da ake korawa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma garwashi ɗaya cikin iskar hunturu ya isa ya cinye ta. Sai a ƙirga karnuka kafin a ƙirga nama. Idan ɗaya bai dawo ba, mai shi ya bar rigarsa a inda ya kwana, a zaga a dawo. Sau da yawa a kanta ake tarar da shi kwance.