Gwanin Ƙirga Huɗu-Huɗu

Cikin masu haɗa kwamfutoci akwai wata baiwa da ba a cika yi mata kirari ba, wato iya raba adireshin IP da ka, ba alƙalami ba takarda. Duk wanda ya taɓa kafa wa ma'aikata OpenVPN a kan Windows ya san darajarta.

Ga inda gizo ke saƙa. OpenVPN, manhajar da James Yonan ya fara fitarwa a 2001, tana ƙirƙiro katin sadarwa wanda ba a taɓa shi da hannu, manhaja ce kawai ke kwaikwayonsa. A Linux katin yana iya zama hanya mai baki biyu, shi ke nan. A Windows kuwa, direban TAP yana yin shigar katin Ethernet ne, don haka dole sai da sabnet mask, kuma a tsohon tsarin da ake kira net30 babu abin da yake karɓa sai 255.255.255.252. Kowane mai shiga sai an yanka masa adireshi huɗu kamar fuloti: na farko sunan yankin, na ƙarshe na shela, biyun tsakiya kaɗai ke aiki, ɗaya na sabar, ɗaya nasa.

Shi ya sa idan an fara daga 10.8.0.0, bayan sabar ta ɗauki huɗun farko, mutum na farko ke samun 10.8.0.6, na biyu 10.8.0.10. Ka ce wa gwani a kafe wa kwamfutar akanta adireshi ɗaya da ba ya canzawa, kafin ka rufe baki zai ce 9 da 10, ko 13 da 14. Ba zai taɓa 11 da 12 ba, domin 11 na shela ne, 12 kuma ya tsallaka yanki na gaba. Yana kuma sane da cewa adireshi 256 a wannan tsari mutum 62 kacal za su ɗauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya san lokacin da zai ajiye wannan lissafi. Tun fitowar OpenVPN 2.1 akwai umarnin topology subnet, wanda ke ba kowa adireshi guda a ƙarƙashin 255.255.255.0, har fiye da mutum 250 su samu wuri. Amma gwani ba ya sauyawa da gaggawa. Sai ya bi duk layukan ifconfig-push, masu kafe wa kwamfuta adireshi, ya gyara, domin lamba ta biyu yanzu mask ce, ba adireshin sabar ba. In ofishinku na da irin wannan mutum, ku riƙe shi da hannu biyu.